Lambar Jamus a Kwallar Gwaggo

Ana sallame sallar asuba muka kama hanyar Zariya, ni da wani abokina mai mota da zai sayo tumatir a Kadawa. Ni kuwa wata lamba nake bi. Shekara goma ke nan ina tara tsofaffin lambobin yabo na soja, abin da matata ke kira tsince-tsincen gwangwani. Sai kwanan nan na ji cewa wadda kakanmu ya dawo da ita daga yaƙin Jamus a Kamaru tana hannun Gwaggo, yayar mahaifina, a wani ƙauye kusa da Bunkure. Rabona da Gwaggo tun rasuwar Baba, shekara shida.

A Kura muka karya da ƙosai da kunun tsamiya, ƙosan duk ya tsuke kamar yana jin kunyar kuɗinsa. Nan abokina ya wuce, na hau acaɓa muka bi gefen hanyar ruwa. Ko'ina kore shar, shinkafa da albasa, ga injinan ban ruwa suna ta ƙugi. Ƙauyen ne tsit, kowa na gona.

Gidan da na sani cike da mutane, yanzu ɗaki ɗaya ne a buɗe. Gwaggo na zaune a ƙofarsa, ita da akuya.

"Mai sunan Baba, ashe kana gane hanya?"

Na durƙusa na gaishe ta, kunya ta rufe ni. Sai da na cinye dambun zogale tas ta jawo kwalla daga ƙarƙashin gado. A nan take ɓoye lambar, don siffar gicciye gare ta, har maƙwabta sun taɓa cewa tana ajiye gicciye.

Na fito da kayan aikina. Mayen ƙarfe ya kama tsakiyarta, bai kama gefen ba, wato ƙarfe ne a ciki, azurfa a kewaye, yadda ta gaske take. A gilashin ƙara girma na ga kambi a sama, harafin W a tsakiya, 1914 a ƙasa, har da ɗan hatimin maƙeri a jikin zoben da ake rataye ta da shi. Ta gaske ce. Amma sai walƙiya take kamar sabon cokali. Baƙin fentin tsakiya ya tafi, dushewar azurfar nan da masu tarawa ke nema ita ma babu, sai ƙarce ko'ina. Irin wannan lamba buroshi mai laushi kawai ake sa mata a kaɗe ƙura. Ta faɗo daga sahun farko zuwa na ƙarshe.

"Gwaggo, wa ya wanke ta?"

"Ni mana. Tun da ka aiko za ka zo nake dirzar ta da toka da lemon tsami. Kwana uku. Baƙo zai zo ka nuna masa abu da dauɗa?"

Na dubi yatsunta, duk sun tsage. Faɗan da ya taso min ya koma ciki. Na ce ta yi kyau.

Da la'asar na naɗe ta a hankici zan sa aljihu, sai ta miƙo hannu.

"Bar ta nan. In ka tafi da ita, me zai sake kawo ka?"

Na mayar mata, ta rufe kwalla, ta rako ni har bakin hanyar ruwa da ƙullin kuɓewa busasshiya. Da na waiwayo daga kan babur tana nan tsaye ita kaɗai.

Na iso gida bayan magariba, na buɗe akwatin lambobina, guda arba'in, kowacce na san ranar da na kaɗe mata ƙura. Na iya kula da abin da ya tsufa, in dai ƙarfe ne. Asabar mai zuwa zan koma, kuma gilashin da mayen ƙarfen a gida zan bar su.