Zuciyar Kawu Bunlua da Maganaɗisu

Da gyaran injin ban ruwa a gonakin shinkafa Kawu Bunlua ya fara neman abinci, ya ƙare a cibiyar binciken da ke bayan garinsu, inda masana ke son hura wuta irin ta rana a cikin tukunyar ƙarfe. Tukunyar nan akwai haɗama. Lantarkin da take so kurɓi ɗaya take yi masa, da daga layin gari za ta ja, da kowa ya koma aci-balbal. Shi ya sa ake tara mata shi a hankali cikin wani ƙaton naɗin waya da ya fi ƙanƙara sanyi, ya zauna a matsayin ƙarfin maganaɗisu sai an buƙace shi. Kula da sanyin naɗin nan shi ne aikin Bunlua. Kowace safiya yakan tuɓe layunsa na ƙarfe a bakin ƙofa, ya ba su haƙuri, sannan ya shiga.

Ana haka zuciyarsa ta fara tsallake bugu. Likita ya ce dole a dasa masa 'yar na'ura a ƙirji, kuma mai ɗauke da ita ba ya kusantar maganaɗisu irin wancan.

Bunlua ya haɗiye maganar. Ya sha saiwa, ya sha ganye, ya kai wa malaman ɗakin ibada shinkafa har suka fara tambayarsa ko lafiya. Ran nan yana taya matarsa Samniang dakan kwaɗon gwanda a rumfarta, sai ya kife a kan kwandon tumatir.

Da ya farfaɗo, ta riga ta ji komai daga bakin likita.

"Tsoho," ta ce, "ashe mutuwa kake shiryawa ba ka gaya mini in sayi baƙin zane ba?"

"Jiri ne kawai."

"Jirin ya ci mini tumatir."

Washegari ya lallaɓa wurin shugabar sashensu, Dakta Kanyarat, wadda a haife ya haife ta. Ya haɗa tafuka ya ɗaga har goshi, gaisuwar da ba a yi wa na ƙasa.

"Kawu, sauke hannunka, kada ka rage mini kwana," ta ce.

"'Yata, bar ni har damina ta wuce. Ban taɓa ganin naɗin nan ya juye cikakken cikinsa a tukunyar ba. Ni na raine shi."

"Akwai kujera a ɗakin kallo, bayan gilashi."

"Kujerar baƙi? In zauna da 'yan makaranta ina tafi?"

Ta miƙo hannu. Ya daɗe yana laluben aljihun da ba shi ba ne kafin ya ba ta makullin ɗakin naɗin.

Ranar aikin, ana tura shi a gadon asibiti yana ciniki.

"Likita, na'urar nan babu ta roba? Ko ta katako? Ni ba mai zaɓe ba ne."

"Babu, Kawu."

"To a sa ta a baya mana, in riƙa shiga ta gaba."

Samniang, da ke biye da gadon riƙe da takalmansa, ta buɗe baki za ta yi masa tsiya, sai ta kau da kai. Ya dube ta, ya ga yadda ta ƙanƙame takalman a ƙirji.

"Shi ke nan," ya ce wa likitan. "Sa a inda ka ga dama."