Dambun Nama a Ƙarƙashin Yaji

Har yau katin yana nan a 'yar jakar da nake ajiye carbina, ko da yake ya mutu. Hotona ne a jiki, na ɗaure fuska kamar mai jiran hukunci, don an hana ni murmushi lokacin ɗauka. 'Yata ta sha cewa in jefar da shi. Ba zan jefar ba. Abin da aka ba ni da mutunci ne, kuma ba halina ne ya kashe shi ba.

'Yar tawa nas ce a wani asibiti a nan Niyok ta Amurka, gidanta yana unguwar Jamaica, inda jirage ke wucewa ta saman kai har kofi ya yi rawa a kan tebur. Da ta haifi tagwaye ta ɗauko ni daga Kano don raino, zama ya miƙe, har aka yi min takardar zama. Amma duk shekara sai na je gida, ba fashi. Zuwan ba shi da wahala. Dawowar ce azaba. Ka sauka daga jirgi ƙafa a kumbure, sai a kora ku cikin wani layi mai lanƙwasa tsakanin igiyoyi, ka je ka dawo, ka je ka dawo, fuskokin da ka wuce ɗazu su ne za ka sake wucewa. Gwiwoyina kuwa sun daɗe da fara yi min gardama.

Sai 'yata ta ce, "Umma, abin ai mai sauƙi ne. In nema miki keken marasa lafiya. Turo ki za a yi har gaban layi."

Na ce, "Keken wa?"

"Duk tsofaffi haka suke yi."

"To su yi. Ni da na yi tallan fura daga Yakasai har bakin Kurmi da ƙwarya a ka, yau a turo ni kamar buhun gero, mutanen jirginmu suna kallo? Gobe labari ya kai gida cewa na nakasa a Amurka. Ki bar min ƙafafuna."

Ganin na kafe, sai ta nemo wata hanyar. Ta ce akwai tsarin da hukumar ƙasar nan take da shi don matafiyan da ta amince da su. Za a binciki mutum ciki da bai, in an ga ba shi da tabo, sai a daina tsayar da shi a dogon layi. Na ce yauwa, wannan kam nawa ne. Su bincika har kakata.

Ranar ganawa na sa leshina na Sallah. A wani ofis ne cikin filin jirgin. Jami'in, wani ƙato mai jan wuya, ya yi ta tambaya 'yata tana fassara. An taɓa kama ni? An taɓa kai ni kotu? Na ce ta gaya masa ko gaban mai unguwa ba a taɓa kai ni ba, sai dai a kira ni sulhu. Ya yi dariya. Ya ɗauki hoton yatsuna, sannan ya ja min kunne a kan abu ɗaya: kada in shigo da nama kowane iri, ɗanye ko busasshe, kuma duk abin ci da na ɗauko in faɗa. Ya ce wanda aka amince da shi, kuskure ɗaya ya isa a cire shi. Na ce ya kwantar da hankalinsa. Ba a jima ba aka aiko min da katin shaidar shiga tsarin.

Daga nan dawowata ta zama abin marmari. Ina sauka sai in ratse gefe, in nufi wasu na'urori da ke jere kamar masu sallah. In sa takardata, in ɗora yatsu huɗu a kan gilashi, in kalli ido ɗayan nan nata ta ɗauke ni hoto. Rubutun ba na karanta shi, amma 'yata ta zana min fuskar na'urar a bayan kwali, na haddace gurbin kowace amsa kamar yadda na san gurbin tukwanena. In na taho da kayan miya, in danna wurin da ke cewa e, akwai abin ci. Na'urar ta tofo 'yar takarda, in miƙa wa jami'i, in ce masa kalmomin da aka koya min: "Sifayis. No mit." Yaji ne, ba nama. Ya ɗaga min hannu in wuce. Da ƙafata, mayafina a kafaɗa, ina jin idanun 'yan dogon layi a bayana.

Katin kansa ma ba a tambayarsa a wurin, na'urar yatsu take so. Amma na tafi da shi Kano, kuma na nuna shi. Me zai hana? A gidan suna na fito da shi, mata suka yi ta karɓa hannu zuwa hannu. Na ce musu gwamnatin Amurka ta duba ni sama da ƙasa ta ce wannan matar ba ta ƙarya, a bar ta ta wuce. Gaskiya na faɗa.

To, kowa ya san in mutum zai tafi wata ƙasa ana ba shi saƙo. Tun ina yarinya nake ganin haka, ko mai zuwa Legas ne a jirgin ƙasa. Kuma saƙo ba a buɗe shi. Yadda aka ƙulla aka ba ka, haka za ka miƙa. In ka kwance ƙullin mutum ka leƙa, ka ce masa ɓarawo ko maƙaryaci ke nan, sai dai ba ka furta ba. Ni abin da nake yi shi ne in tambaya da baki, a amsa min da baki, shi ke nan.

Ana jibi zan taso a wata shekarar, sai ga aminiyata. Tare muka tashi, tare aka yi mana kitson farko, ita ta riƙe min kai ranar da na haifi ɗan fari. 'Yarta tana aure a nan Niyok, a unguwar Highbridge, can Bronx, ta haihu bai fi mako biyu ba, kuma ita uwar an hana ta biza. Ta zo da gwangwanin madara babba, an naɗe shi da tsohuwar atamfa, an ɗinke da zaren buhu ta ko'ina.

Ta ce, "Yajin jego ne, na daka mata da hannuna. Kimba, masoro, citta, komai na sa."

Na ce, "Ba nama dai ko? Kin san dokarsu."

Ta ce, "Haba ke kuwa! Ni zan sa ki a uku?"

Na karɓa na sa a tsakiyar akwatina, tsakanin zannuwa.

Da la'asar muka sauka. Na yi wa na'ura abin da na saba, na ce wa jami'i ba nama, ya ɗaga hannu. Na je na ja akwatina daga bel ɗin da ke juyawa, ina gyara shi a kan amalanke, sai ga wata ma'aikaciya riƙe da wani ɗan guntun kare mai kunnuwa a zube, har da riga aka sa masa. Ya shinshina kayan wani Bature ya wuce. Ya shinshina na wata mai goyo ya wuce. Da ya zo kaina sai ya tura hanci cikin akwatina, ya goga jikinsa a gefen zanen da nake salla da shi, sannan ya zauna daram yana kallona.

Na ce, "Kai, tafi can! Ɗauke shi, baiwar Allah!"

Ita kuwa har wani abu ta ciro daga aljihu ta ba shi, wai lada.

Aka tisa ƙeyata zuwa wani ɗaki mai dogayen teburan ƙarfe. 'Yan jirginmu suna wucewa, har da wata 'yar Fagge da ta san ni, ta kawar da kai kamar ba ta gani ba, na kuma san ta gani. Da suka ga Turancina ya ƙare, sai aka kira wani magidanci cikin masu tura keken marasa lafiya, mutumin Zangon Kumasi, mai furfura a gemu.

Ya ce, "Mma, sannu. Kada ka ji tsoro."

Na ce, "Ni ba ka ba ce, kuma ba tsoro nake ji ba. Gaya musu ina da kati."

"Sun sani, Mma. Shi ya sa fuskarsu ta ɓaci."

Wani jami'i ya sa safar hannu ya yi ta fito da kayana ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ko surukina bai taɓa gani a shanya ba. Ya kai kan gwangwanin. Ya tambaya mene ne, na ce yaji. Ni na haɗa? Na ce a'a, saƙo ne. Na duba ciki? Na ce ba a duba saƙo. Mutumin Kumasi ya tsaya bai fassara ba.

"Mma, in faɗa masa haka?"

"Faɗa masa yadda na faɗa. Ka ƙara da cewa a garinmu 'yan halak ba sa yi."

Ban san abin da ya ƙara ba. Jami'in ya sa wuƙa ya farke ɗinkin da aminiyata ta yi, ya buɗe murfi. Yajin ya tashi, shi da mai karen suka kama atishawa, na ce a raina alhaki ne. Ya zura cokali. Cokalin ya tokari wani abu. Ya jawo leda, an ƙulle ta tam, an binne a ƙasan yajin. Tun kafin ya kwance na gane. Dambun nama ne, na shanu, ya sha mai, irin wanda ake yi wa mai jego.

Wallahi da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige. Naman bai dame ni ba. Abin da ya tsaya min shi ne bakin nan nawa ya ce wa mutum ba nama, ido cikin ido, ga kuma nama a kan tebur.

Suka jefa dambun a wata babbar shara, suka mayar min da gwangwanin. Jami'in ya ce saboda shekaruna ba zai ci ni tara ba, amma maganar amincewa ta ƙare. Na ce ta ƙare kamar yaya? Shekara nawa ina wucewa, ko ƙwayar gyaɗa an taɓa samu a kayana? Ya ɗaga kafaɗa. Mutumin Kumasi ya taya ni mayar da zannuwa, ya ce, "Mma, zauna a keken nan in fitar da kai, ka gaji." Na ce ya tura abinsa gaba. Na fita da ƙafata, gwiwoyin suna kuka.

A mota 'yata ta fara. "Umma, sau nawa na ce ki riƙa buɗewa? Nan ba Kano ba ce."

Na ce, "Ke da aka yi wa yajin jego har sau biyu aka aiko miki, wa ya buɗe naki a hanya?"

Ta ci gaba da tuƙinta. Ba a jima ba sanarwa ta zo ta kwamfuta cewa an cire sunana.

Saƙo dai saƙo ne, sai na kai. Ranar Asabar muka hau jirgin ƙasa har Bronx, muka hau tudun nan na Highbridge mai matakala kamar ba za ta ƙare ba. Mai jego ta rungume ni tana "Gwaggo, Gwaggo," na ɗauki jariri na yi masa addu'a, na ajiye mata gwangwani da farkakkiyar atamfarsa. Ta buɗe, ta sa hannu tana lalube a ƙasa. Ashe ta sani. Na ce, "Kira min uwarki."

Aka ba ni wayar, ga fuskar aminiyata a ciki tana washe baki.

Na ce, "Na tambaye ki ko ban tambaye ki ba?"

Ta ce, "Kin tambaya."

"Me kika ce min?"

"To da na faɗa miki ai ba za ki ɗauka ba. Yarinya ta haihu a uwa duniya, ba uwa ba dangi, ko ɗan abin da za ta sa a baki ta tuna gida?"

"Sai ki sa ƙarya a bakina?"

"Ke fa kika ce ba a taɓa kayanki! A gidan suna, gaban kowa, kati a hannu. Na ce to ga wadda Allah ya ba hanya."

Ka ji fa. Wai ni ce ma na jawo. Na nuna musu an yarda da ni, ita kuma abin da ta hango a ciki shi ne rami mai kyau na ɓoye nama. Na ce mata, "An bar ni ina wucewa ne don ba na yi. Ba don in yi ba a gani ba." Ta ce in yi haƙuri, kati ne kawai, ba rai ba. Na miƙa wa 'yarta wayar, ban yi sallama ba.

Shekara ta zagayo na koma gida. Ban je gidanta ba, ita ta zo, ana gobe zan taso, da wani ƙullin a hannu, wai kayan yaye. Tsakar gida cike da masu kawo saƙo. Na sa aka shimfiɗa tabarma, na ɗauko sabuwar reza na ajiye a tsakiya.

Na ce, "Ni dai ban taɓa buɗe saƙon kowa ba, kuma ba zan fara da tsufana ba. Mai ƙulli ya kwance abinsa da hannunsa, a nan, ina kallo. In ya gama ya ɗinke."

Wata ta ce abin har ya kai haka, Hajiya? Na ce ku tambayi wadda ta kai shi. Mata biyu suka ɗauki ƙullinsu suka fita suna gunaguni, na san kuma abin da ke ciki. Aminiyata ta daɗe tana kallon rezar. Sannan ta ɗauka, ta farke ɗinkinta, ta zazzage komai a faranti: garin kunu ne da 'yan riguna. Ta tura min farantin da ƙarfi har garin ya zuba a tabarma.

Ta ce, "Kin gani? Hankalinki ya kwanta?"

Na ce, "Bara ne na so in gani."

Da muka sauka a Niyok na bi ayari zuwa dogon layi. Na'urorin suna nan a gefe, wasu suna ɗora yatsu suna wucewa abinsu. Sai ga mutumin Kumasi da kekensa ba kowa a ciki, ya gane ni tun daga nesa.

"Mma! Yau dai ka hau. Layin ya kai bango."

Na ce, "Wuce ka nemi mara lafiya."

Na gyara mayafina, na kama igiyar da hannu ɗaya, na shiga bayan wani mai jakar goyo.