Sista Ba-Yau-Ba

Ni mai shara ce a ɗakin maza na asibitin, kuma tun ina da ƙarfin ɗaukar bokiti biyu a tafiya ɗaya nake aiki da matar nan. Don haka in an zo zancenta kowa ya ja bakinsa, ni ce zan faɗa.

Gajera ce, ga faɗi, ga murya kamar ta mai kiran fasinja a tasha. Duk asibitin Sista Ba-Yau-Ba muke ce mata, har likitoci, amma a bayan idonta. Dalili kuwa, likita zai rubuta sallama, 'yan uwa su naɗe tabarma su haɗa kwanuka, sai ta zo ta tsaya a ƙafar gado ta ce, "Wa zai riƙa juya shi a gida?" A nuna mata mace guda. Ta ce, "Sai wa?" A rasa wanda za a nuna. Ta ce, "To, ba yau ba." Wannan ba dokar asibiti ba ce, tata ce ta kanta: wanda ba ya iya tashi ba zai bar ɗakinta ba sai ta ga mutum na biyu a gidansu ya iya juya shi, ya iya goge masa jiki, ya iya canja zanen gado yana kwance a kai.

Sau ɗaya ta taɓa gaya min mafarin abin, muna wanke hannu a famfo. Mahaifinta ya yi shekaru a kwance, ga 'ya'ya maza cike da gida, amma uwarta kaɗai ke ɗagawa da kwantarwa. Uwar ce ta riga shi tafiya. Ta ce, "Gidanmu bai taɓa rabuwa da masu dubiya ba, amma ba wanda ya taɓa tambayarta ya bayanta." Ta yarfe hannu ta wuce, ba ta ƙara tada maganar ba.

To, sai aka kawo wani tsohon tela da ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya karkace, magana ba ta fita. Matarsa ke jinyarsa, muna ce mata Inna. Wayyo, baiwar Allah! Siririya, ƙafafu a kumbure, in za ta ɗaga shi sai ta cije leɓe ta dafa ƙarfen gado. Suna da ɗa guda, mai walda, ƙato, wanda ke ɗaukar ƙofar ƙarfe shi kaɗai. Kullum da yamma zai zo da ledar lemo da ayaba, ya durƙusa ya gaida uban, ya tambayi abin da ake buƙata, ya tafi. Wallahi haushinsa nake ji, har nakan bi gefen takalminsa da ruwan datti da gangan.

Wata rana da hantsi na tarar da Inna a banɗaki ta jingina da bango, jiri na ɗibarta. Ta ce kar in gaya wa kowa. Ni kuwa a ce min kar in faɗa? Ban ko ajiye tsintsiya ba na kai wa Sista. Ta zaunar da ita, ta auna jininta, ta kalli abin awon, ta kalle ni. Na san fuskar nan.

Kashegari likita ya rubuta wa tela sallama. Mai walda ya zo da mota. Sista ta yi tambayarta, aka nuna Inna, ta ba da amsar da ta saba.

Nan ɗaki ya hargitse. Likita ya ce ga wani can a baranda yana jiran gado tun safe, kuma gaskiyarsa ce. Sista ta sa aka kwashe kayan ɗakin hutunta aka shimfiɗa wa mai jiran a can, ita ta koma cin abinci a tsaye. Aka kira shugabar nas-nas, ta ce wannan taurin kai zai ja mata. Sista ta ce, "Ranki ya daɗe, ki rubuta duk abin da za ki rubuta. In na sallami mutumin nan yau, kafin wata ya zagayo ko shi ya dawo da gyambon kwanciya, ko matarsa ta dawo a ɗakin mata. Ba da hannuna ba."

Sannan ta juya kan ƙaton. "Kai, wanke hannunka."

Ya sunkuyar da kai. "Sista, ki sa ni komai. In ɗauko, in kai, in kwana a ƙofa. Amma mahaifina ne. Ban taɓa ganin ko cinyarsa ba. Ta yaya zan yaye masa zane?"

Sai a lokacin jikina ya yi sanyi, ashe ba lalaci ba ne. Tsohon ma ya ji, ya damƙe zanensa da hannun da ke aiki, yana girgiza kai, hawaye na bin kuncinsa. Inna ta shiga tsakani. "Ki ƙyale yaron nan, 'yata. Na saba. Ni ba na son a tozarta shi a gaban ɗansa."

Kun ji fa, su uku sun haɗa kai, kowa yana jin kunyar wani, kuma duk a kan ƙashin bayan tsohuwa za a sauke kunyar. Sista ba ta sassauta ba ko kaɗan. Ta ja kujera kusa da kan tela, ta rage murya, abin da ban saba ji ba.

"Baba, kana ji na. Na auna jinin matarka, ya hau sosai. In ta ci gaba da ɗaga ka ita kaɗai, faɗuwa za ta yi. In ta faɗi, yaron nan dai shi zai juya ka, ba kuma wanda ya koya masa. Na yi maka alkawari ba zai ga abin da ba ka so ya gani ba. Ka yarda?"

Tsohon ya kalli matarsa. Sannan yatsunsa suka saki zanen.

Ta ja labule, ta bar ni a ciki ina riƙe da kwanon ruwan ɗumi. Ta nuna wa mai walda yadda ake yi ba tare da an buɗe mutum ba: zane na kansa, hannu na aiki ta ƙarƙashi, a buɗe wuri kaɗan a goge a rufe kafin a matsa gaba. Ta sa ya murza tafukansa su yi ɗumi. Ta ce ya riƙa gaya masa kafin ya taɓa shi. Ƙaton nan gumi ya jiƙa masa riga.

"Baba, zan lanƙwasa gwiwarka," in ji shi, muryarsa kamar ta yaro.

Ya yi da ƙarfi, Sista ta doke masa hannu. "Ba ƙofa kake girkawa ba! A hankali. Sa matashin kai a bayansa. Duba dugadugansa, nan ciwo ke fara ɓuya."

Kwanaki yana zuwa da safe kafin ya buɗe shago, da yamma kuma ya dawo. Ta hana Inna taɓa komai sai cokali. A tsakanin nan takarda ta fito, aka cire Sista daga ɗakinmu aka mayar da ita ɗakin allura, wai tana hana aiki tafiya. Ta karɓa ta cusa a aljihu, ta ce ai allura ma aiki ne. Na yi kuka don takaici, ta ce in share majinata in koma bakin bokitina. Da lokacin hutunta take lallaɓowa ta tsaya a kan mai walda har ta gamsu da hannunsa.

Ranar da za su tafi na turo keken marasa lafiya. Inna ta miƙe yadda ta saba, ta ɗaure gyalenta a ƙugu, ta cije leɓe, ta sa hannu a hammatar mijinta. Sai tsohon ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya ture nata a hankali. Ya kalli ɗansa.

"Inna, matsa," in ji mai walda. "Baba, zan ɗaga ka."

Ta koma kan benci ta zauna, hannuwanta a cinya, ta rufe fuska da gyale tana kuka. Na zauna kusa da ita na bar sharar sai anjima.