Ranar da Baba Ya Raba Mana Gona

Asabar ce, damina na gab da faɗuwa. Inna ta dama kunun tsamiya, muka sha a tsaye, don Baba ya ce yana son ganinmu a gona kafin rana ta yi zafi. Mu huɗu ne maza: Yaya Iliya, Yaya Bitrus, ni Dauda, sai autanmu Yusufu. Babu wanda ya yi aure tukuna. Baba ya ce kowa ya fara sanin inda zai ci da iyali.

Baba dattijo ne a majami'ar ƙauyenmu, can kudancin Katsina, kuma ba ya fara komai sai ya buɗe Littafi. Ya zauna a gindin ɗorawa ya maimaita mana labarin da muka haddace tun muna yara. Allah ya yi wa Ibrahim alkawarin ƙasa alhali ba shi da ko taki ɗaya a cikinta. Zuriyarsa ta yi bauta a Masar, ta yi yawo a jeji. Amma a zamanin Joshuwa suka haye Urdun, aka raba musu ƙasar da ƙuri'a. Haka shi ma zai raba gonar da kakanmu ya sare, kada wani ya ce an yi son kai.

Ya karya kara huɗu ya zuba a hula. Fadama ta faɗa wa Yusufu. Yayyena suka sami jigawa mai kyau. Ni na jawo marmara, inda ko gero sai da lallashi. A gaban mahaifina na ce in wannan ne alkawarin, a bar shi. A zuci kuwa na roƙi Allah fadamar nan, na roƙe shi da gaske. Baba ya yi dariya ya ce, "Rabon kwaɗo ba ya hawa sama." Na yi fushi na koma gida, na bar su suna kafa duwatsun iyaka.

Wajen ƙarfe biyu na fara jin babura. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Kaji suka watse. Sai harbi daga wajen fadama, ɗai-ɗai, can ya haɗe kamar ruwa a kan kwano. Wani ya ratsa ta bayan danga yana ihu: "Ku fita! Ta gonaki suka shigo!"

Na nufi ƙofa. Inna ta cafke hannuna. "Maza suke kashewa. Ɗaura!" Ta fizgo zaninta daga igiya, ta yafa mini mayafi, ta aza mini ƙwarya a ka. Abin da har yau na kasa haɗiyewa shi ne ban yi mata gardama ba ko kaɗan.

Muka bi ayarin mata ta cikin rafi. Wani mai bindiga a kan tudu ya daka tsawa: "Ku wuce! Ku wuce!" Na wuce kai a sunkuye, ƙato da ni, gemu a ƙarƙashin mayafi. Matan da ke gefena duk sun san ni. Babu wadda ta dube ni, kuma da sun zage ni da ya fi mini sauƙi. Hayaƙin rumbuna ya bi mu har la'asar. Da magariba muka kai bakin titi, wata motar itace ta kwashe mu.

Bayan kwanaki jami'an tsaro suka raka mazan da suka rage don a yi jana'iza. A gona aka sami Baba da 'yan'uwana, su huɗu, kusa da juna. Ban je ba. Na ce zazzaɓi nake yi.

Yanzu ina Dubai, ina ɗaure kaya a shagon Alhaji Sani, wani Bakano mai aika kago, wato kayan 'yan kasuwa, zuwa gida daga unguwar Al Sabkha. Mutumin kirki ne, sai dai ba ya gajiya da ba da shawara. Jiya muna cusa atamfa a buhu ya ce, "Dauda, habibi, nan ba wurin zama ba ne. In biza ta ƙare, halas, shi ke nan. Ka nemi ɗan fili a gida, ka ji ko?"

Na ce, "Ina da gona, Alhaji."

"Masha Allah! Kai kaɗai, ko da 'yan'uwa?"

"Ni kaɗai."

Ya ce to in gode wa Allah, wasu a rigimar gado suke tsufa. Na ci gaba da ɗinke bakin buhu.

Marmara tawa ce. Jigawar Yaya Iliya tawa ce, da ta Yaya Bitrus. Fadamar Yusufu ma tawa ce. Damina shida ke nan, ban taka ko ɗaya ba.