Ruwan Sadakar Baba

Shekara huɗu na yi ina kiwon shanu a wata gona da ke bayan garin Jidda, can inda gine-gine ke ƙarewa duwatsu su fara. Mu biyu ne a garken, ni da wani dattijo Bahaushen Sudan da nake kira Baba. Ni nakan shiga unguwar Karantina ran Juma'a wajen 'yan'uwa, lokacin ba a rushe ta ba, shi kuwa ba ya zuwa ko'ina. Mai gonar shi ne kafilina, zamana a ƙasar duk a hannunsa yake.

Ni kafili ya aika kasuwar dabbobi in zaɓo saniya, don na sha cika baki cewa tun ina goye na san shanu. Na ga wata ja mai ƙaton hantsa, ga araha. Sau biyu ta yi tari a gabana. Na ji da kunnena, na ce ƙura ce. Da muka iso, maimakon in ware ta kamar yadda aka saba, sai na kora ta cikin sauran, don wurin killacewar ya yi nisa da famfo, kuma ni ne mai jido ruwa. Ƙyuya ce kawai, ba ni da wani suna da zan ba ta.

Bayan wasu watanni shanu biyar suna tari, suna ramewa. Likitan dabbobi ya zo ya ce tarin fuka ne. A lokacin saura wata ɗaya iƙamata, wato takardar izinin zamana, ta ƙare.

Baba yana da wata al'ada. Kullum da safe sai ya cika wani tsohon baho da ruwa a bayan katanga, sadaka ga namun daji. Karnuka na sha, yanyawa na sha, har da wata dage mai ɗa guda, wadda takan zo tana tafiyar isa kamar ita ta gina gonar. Nakan tsokane shi in ce ɓarayi yake shayarwa. Shi kuma ya ce, "Ya waladi, ɗana, mai ƙishirwa ba a tambayarsa sana'arsa."

Wata rana Baba ya tafi yankan ciyawa, kafili ya zo da waya a hannu. Ya nuna mini hoton wata dabba mai kama da dage, ya ce a Ingila irinta ake kashewa, wai ita ke sa wa shanu tarin. Sannan ya tambaye ni ko akwai irinta a nan, ko kuwa wata saniya ce ta shigo da cutar.

Laifi tudu ne. Na taka nawa, na nuna masa bayan katanga.

"Halas, shi ke nan," in ji shi, "ka gama da su. Kada tsoho ya sani, surutu zai yi mini." Washegari ya kawo guba a kwalba, na jira Baba ya kwanta bayan azahar, na juye ta cikin ruwan.

Da gari ya waye muka iske karnuka uku da yanyawa biyu a kwance. Dagen tana gindin wata ƙaya, ɗanta a jikinta, shi ma ya sha. Baba ya nufi wajen ruwan. A satin ne tsohon bahonsa ya fashe, ya tsinto rabin duro a bola ya maye gurbinsa da shi. Ya duƙa ya shinshina duron, ya dafe kai.

"Ni ne," ya ce. "Na maganin ƙwari ne, ban wanke shi sosai ba. Na kira bayin Allah da sunan sadaka, na kashe su."

Na bar shi da wannan zaton. Na ɗauko shebur muka haƙa rami cikin rana, yana haƙa yana istigfari, ni kuma ina ta kallon ƙasa.

Tarin bai tsaya ba, sai da aka yanka rabin garken aka binne, har da jar saniyar. Daga baya na ji cewa ko a Ingilar ma gardama ake ta yi a kan kisan, wasu na cewa yana magani, wasu na cewa daga saniya zuwa saniya cutar ta fi yawo. Ni dai ban buƙaci wani masani ya faɗa mini ta inda tamu ta shigo ba. Kafili bai sake tayar da zancen ba, ya sabunta mini iƙama. An ce ramin ƙarya ƙurarre ne, amma nawa ban ga ƙarshensa ba, kuma wannan ya fi damuna a kan a ce an kama ni.

Baba ya yi azumi kwana uku. Bai ƙara ajiye ruwa ba, ya ce ya daina yarda da hannunsa. Da garken ya ragu, kafili ya ce mutum ɗaya ya isa, ya zaɓi mai ƙarfi.

Ni na raka Baba tashar jirgin ruwa, zai koma Sudan. Tun a mota nake haɗa maganar a bakina, ina cewa sai mun sauka, da muka sauka na ce sai ya miƙa kaya. A bakin ƙofa ya riƙe hannuna da nasa biyu.

"Zama tare sai da saɓani, ya waladi. Na sa ka haƙa rami cikin rana saboda sakacina. Ka yafe mini."

Mutane na turo mu ta baya, wani jami'i yana ta cewa yalla, yalla. Na buɗe baki, na ce, "Na yafe maka, Baba."