Wa Ya Kai Tulun Gilashi Bakin Taga?

Bana shekara ashirin da bakwai ke nan da rasuwar Yaya Sule, kuma har yau in na ga gilashi a rana sai na janye shi inuwa.

A zamanin Turawa shi ne sarkin barikin Karaye, mai kula da masaukin Bature in ya fito rangadi. Ni ƙanwarsa ce. Mijina ya rasu ya bar ni da goyo, na dawo gidansa ina taya shi shara. Wata shekara matar Bature ta zo da wani tulun gilashi mai tumbi, garai-garai. Kukunsu ya ce da baki ake hura shi, kamar yadda yara ke hura mafitsarar rago. Wai furanni ake sa masa, abin da ba a ci ba a sha!

Ranar da suka wuce Rogo suka bar kayansu, na cika shi da ruwa na ɗora bakin taga, don in ga rana na wasa a ciki. Wallahi son kallo ne kawai. Kafin la'asar labule ya kama, jinka ta kama, akwatin takardun Bature ya zama toka.

Washegari aka gurfanar da mu gaban Hakimi. Bature ya ɗaga fasasshen gindin tulun, tafinta ya ce, "Wannan in da ruwa ciki, rana ta ratsa shi, wuta yake tayarwa. Wa ya kai shi taga?"

Sai lokacin na san hannuna ne. Ga dogarai tsaye, ga zancen gidan yari a Kano, ga jaririya a bayana.

"Ranka ya daɗe, ni ne," in ji Yaya. Ko kallona bai yi ba.

Yau jikata a Tudun Kaya ta jera irin tulun nan har biyar a ɗakinta. Da Yaya zai gani, na san ba zai yi faɗa ba, labule kawai zai ja.

Damina biyu ya yi a ɗaure, ya dawo da tarin da ya bi shi har kabari. Bai taɓa tada maganar ba, ni kuma tsoro ya hana ni. 'Ya'yansa suka tashi ana ce musu 'ya'yan mai ƙona bariki.

'Ya'yan Yaya, in an karanta muku wannan, ba mahaifinku ba ne. Ni ce, Gwaggonku Hajara. Allah Ya jiƙansa. Ina gida, ina tsoron haɗuwarmu, amma ku zo.