Ya Hamdan Mai Takalmi, Bayan Shekara Tara

Shekara tara ke nan da muka raka yayana Alhaji Hamdan makwancinsa. A gida Ya Hamdan muke ce masa, kamar yadda ake kiran na gaba a nan Maiduguri. A kasuwar shanu kuwa, in ka ce kana neman Alhaji Hamdan sai a tambaye ka wanne, don masu sunan suna da yawa. Da ka ce mai takalmi, an gama, kowa zai nuna maka inuwar da yake zama.

Mu 'ya'yan makiyaya ne, a gefen Tafkin Chadi muka tashi. Da babban fari ya cinye dukiyar mahaifinmu muka tattara ya-namu-ya-namu muka shigo Yerwa, wato tsohon garin Maiduguri, daga baya muka samu fili a unguwar Fezzan. Ni aka sa ni makaranta har na zama malami. Shi ya riga ya girma, ba abin da ya sani sai saniya, don haka ya shiga dillancin dabbobi. A wancan zamanin samarin gari suna yayin takalmi mai tudun dunduniya da wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa, shi ma ya saya. Yayi ya zo ya wuce, kowa ya sauko ya koma silifa da sandal. Ya Hamdan bai sauko ba har ya koma ga Allah.

Takalmin nasa na fata ne, ya rufe idon sawu, dunduniyarsa ta kai faɗin yatsu uku. Wani baduku ɗan Chadi da ke Yerwa shi ke ɗinka masa, kuma ba ya yarda da manne, sai an kafa ƙusa. Da shi yake zuwa kasuwa, da shi yake zuwa ɗaurin aure, da shi yake zuwa gaisuwar mutuwa, a ƙarƙashin babbar riga da hula zanna. Abokansa sun yi masa ba'a har sun gaji. Wasu su ce takalmin mata ne, wasu su ce doki ya mutu ya bar mahayi da kayan hawa. Shi dai amsarsa ba ta sauyawa: Allah ya yi shi gajere, shanun Kuri na bakin tafki kuma manya ne, dillalin da ba ya hango gadon bayan sa ba shi da bakin yi masa kuɗi. In damina ta sauka, kasuwa ta dame da taɓo da kashin shanu, sai ka gan shi yana ratsawa a natse, masu silifa suna tattare riguna suna neman tudu. Ranar nan shi ke dariya. Masallaci ma yakan riga kowa zuwa, don cire takalmin aiki ne, har limaminmu ya taɓa cewa da ma duk unguwa za ta koma irinsa, da ba mai rasa sahun farko.

Duk wannan raha ce, sai da shekarun tashin hankali suka zo. Wanda ya zauna a garin nan a lokacin ba sai na yi masa bayani ba. Takalmi mai rufe ƙafa ya zama abin tsoro ta ko'ina. Masu ɗauke da bindiga a lungu suna iya ɗaukarka jami'in tsaro da ya ɓad da kama, jami'an tsaro kuma suna iya ɗaukarka mai shirin shiga daji. Matarsa Hajja Falmata ta roƙe shi, ta sa ni na roƙe shi, ta kai ƙara wurin limam. Na ce masa rigakafi ya fi magani, ya ce mini ajali ba ya duba ƙafa. Ta taɓa ɓoye takalman a cikin buhun gero, sai ya fita da silifar bayan gida ya nufi Yerwa, ya dawo da sabo. Hali zanen dutse, daga nan ta sa masa ido da addu'a.

A lokacin da aka yanke layukan waya ne abin ya faru. Kasuwa ta mutu, sai 'yan bijimai da yake turkawa a gida, su kuma abinci ya ƙare musu. Ya shirya da safe ya tafi ƙauyen Zabarmari wurin wani amininsa manomi, Bulama Modu, don ya samo bambaron shinkafa da dusa. Kafin azahar aka ji ƙarar harbi ta wannan ɓangaren, aka rufe hanya. Bai dawo ba a ranar, bai dawo ba washegari. Ba waya, ba mota mai shiga ko fita, ba wanda za ka tambaya ba tare da ka jawo wa kanka wata tambayar ba.

Ana cikin haka wani direba ya zo har ƙofar gida ya ce ya ga an ɗauko gawarwaki daga gefen hanya, kuma ɗaya daga ciki da dogon takalmi a ƙafarsa. Bai ga fuska ba. Na ɗauki babban ɗansa, Adam, muka tafi ɗakin ajiye gawa na asibiti. Ba zan bayyana abin da na gani ba, ban ga amfanin hakan ga mai karatu ba. Abin da zan faɗa shi ne ban iya kallon fuskoki ba, ƙafafu na riƙa bi da ido. Da muka iso wurin mai takalmin, sai na ga na roba ne, irin wanda masu noman fadama ke sawa, shafaffe ba dunduniya. Na ce alhamdu lillahi da ƙarfi, sannan na tuna ɗan wani ne a kwance, na ji kunyar kaina. Har yau in na yi wa yayana addu'a sai na haɗa da wannan bawan Allah da ban san sunansa ba.

Gida ya koma kamar gidan makoki wanda ba a yarda a yi kuka ba. Mata suna shigowa suna zama shiru, ba su san ko gaisuwa za su yi ko jaje ba. Wata la'asar ina zaune a zaure, Hajja tana tsintar shinkafa a tsakar gida, sai na ji faranti ya faɗi. Ta miƙe ta ce, "Shi ne." Ni ban ji komai ba. Sai can na jiyo taku daga bakin lungu, ƙwas, sai jan ƙafa, ƙwas, sai jan ƙafa. Ta ce an harbe shi, ta zube a bakin ƙofa. Ya shigo da sallama, ya rame, riga duk laka, yana ɗingishi. Adam ya durƙusa yana laluben ƙafarsa yana neman rauni. Ba rauni. Dunduniyar takalmin hagu ce ta ɓalle a fadama.

Sai da ya ci tuwo ya sha shayi sannan muka ji labari. Bulama Modu ya ɓoye shi a rumbu har ƙura ta lafa, daga nan suka biyo gonakin shinkafa a ƙafa da iyalin Bulama da wasu maƙwabta, galibi mata da tsofaffi. Da suka fito titi suka ci karo da shingen sojoji. Aka zaunar da su a rana, wani matashin soja ya nuna ƙafar Ya Hamdan da bakin bindiga ya tambaye shi wane ne shi, me ya kai farar hula sa irin wannan takalmi. Ya ce mana a lokacin sai ya daure ya ce, "Ɗana, wanda ke son ɓuya ba ya sa takalmin da ake jin tafiyarsa daga nesa. Ka aika kasuwar shanu ka tambayi mai takalmi." Sojan ya sa ya cire, ya juya shi a hannu, ya kira ɗan'uwansa suka duba. Ɗan'uwan ya ce akwai hoton kakansa da irinsa sak a ɗakinsu can Kudu. Suka yi dariya, suka ba su ruwa, suka ce su wuce gaba ɗaya. Ban ce takalmin ne ya cece su ba. Da wani sojan suka tarar, ko da wata rana ce, da labarin ya sha bamban. Suna da sauran shan ruwa ne kawai. Washegari da sassafe ya aiki Adam Yerwa a gyara masa dunduniya, Hajja kuwa ta yi mako ba ta yi masa magana ba.

Bayan wannan ya rayu wasu shekaru. Ciwon suga ne ya kwantar da shi, ya cika da rana tsaka a ɗakinsa, kansa a cinyar Adam, ni ina karanta masa Yasin. Aka yi masa wanka, aka sallace shi a ƙofar gida, 'yan kasuwar shanu suka cika lungunmu har titi. Wanda bai zauna a Borno a shekarun nan ba, zai yi mamaki in na ce mun dawo daga maƙabarta da sanyi a zuciya. Amma a lungunmu kaɗai akwai gidajen da har gobe ba su san inda nasu yake ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga garin yau. Na san zai ji daɗin ganin tireloli suna lodin shanu zuwa Kudu kamar da, da masu shayi da balangu suna hira a bakin titi ba mai kallon agogo. Zabarmari ta sha baƙin ciki bayansa, wanda na gode Allah bai gani ba, amma har yanzu shinkafarta na shigowa gari. Ambaliyar da ta shiga Fezzan ta tafi da akwatin da muka adana takalmansa, Hajja ta ce ruwa ya kyauta da ya tsaya a kan kaya ya bar mana rayuka. Kwanan baya kuma a bikin jikansa na ga ango da abokansa sanye da takalma masu tudun dunduniya, wai a waya suka gani suka yi oda, wai sabon yayi ne. Da yana nan da ya sa angon ya cire, ya ƙwanƙwasa dunduniyar a ƙasa, ya ce manne ne, ba zai ga damina biyu ba. Amma da ya kwana yana murmushi.

Ba zan mai da shi waliyyi ba. Yana da taurin kai, kuma matarsa da 'ya'yansa su suka biya farashin taurin kan nan da zullumi. Sai dai a shekarun da tsoro ke zaɓa wa mutum abin da zai sa, da hanyar da zai bi, da wanda zai gaisar, na ga mutum ɗaya da ya fita kullum a kamanninsa, kuma ganinsa ya sa wasunmu sun tuna cewa garin namu ne. Adam ya gaji inuwarsa a kasuwa, silifa yake sawa, amma in ya faɗi kuɗin sa ba ya sauyawa, kuma ba ya ɓoye aibin dabba.

Jumma'ar da ta wuce na je gaida Hajja Falmata, na gaya mata zan yi rubutu a kansa. Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce, "Malam Musa, ka rubuta cewa ya wahalar da ni. Ka kuma rubuta cewa na ga fuskarsa kafin a rufe, na san inda yake kwance." Na rubuta, Hajja. Allah ya yalwata masa kabarinsa, ya haɗa da waɗanda ba a samu kai su nasu ba.